Yadda ake tada irin nono in ya kwanta

Makiyaya, da ku mata masu sana'ar nono, darasinmu na wannan karo a kan iri ne. Ba irin shuka ba, ɗan ragowar nonon jiya da uwar gida ke zubawa cikin madarar yau don ta yi barci ta zama kindirmo.

Cikin wannan ɗan nono akwai ƙwayoyi masu rai, ido ba ya ganinsu. Zaƙin madara suke ci su maida shi tsami. Tsamin nan ne ke daskarar da madara, shi ne kuma ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. To, abu mai rai sai da ci. Da bazara, in shanu sun ƙafe, ƙwarya takan yi kwana da kwanaki a rataye. Damina ta faɗi, madara ta samu, a zuba tsohon iri, gari ya waye a tarar da ruwa tsululu. Tatsar yini guda ta tafi, kuɗin cefanen ranar kasuwa sun bi ta.

Kafin komi, ku duba irin, ku sansana. In ya yi hunhuna baƙa, ja ko kore, in yana ɗoyi, in yana yauƙi kamar miyar kuɓewa, ku zubar. Wannan ba ya tasowa, kada ma a ɗanɗana. Amma in tsami ne kawai ya yi yawa, ruwa ya taso bisa, da sauran rai.

Kada ku gwada shi da babbar ƙwarya. Ku ɗibi madara kofi guda, ku tafasa, ku bari ta huce har in kun ɗiga ta a bayan hannu ku ji ɗumi, ba ƙuna ba. Wajen digiri 40 ke nan. Ku tsiyaye ruwan bisa na tsohon irin, ku ɗebo cokali guda daga ƙasa, ku dama a ciki, ku rufe da faifai mai tsabta. In lokacin ɗari ne, ku lulluɓe da zane. Washegari ba lalle ta kama sosai ba. Wannan ta farko ba ta saida ba ce, ba ta yara ba ce. Cokali guda za ku ɗiba daga cikinta ku zuba a sabuwar madara tafasassa, haka kullum. Ranar da kuka zuba da almuru, da asuba kuka tarar ta daskare, ga ƙanshi, to iri ya tashi. Daga nan cokalin cin abinci 2 ko 3 sun isa litir guda. In an kwana 4 babu canji, ku haƙura, ku roƙi iri wurin maƙwabciya wadda nononta ke da kyau.

Makiyayan duwatsun Kokas, can kudancin Rasha, haka suke yi da nasu irin, wanda ake kira kefir. Nasu guda-guda ne farare kamar dafaffar shinkafa, ana tace su a maida cikin wata madara. In sun daɗe a ajiye, da ƴar madara ake lallashinsu, ana sakewa kullum har su farfaɗo.

Tafasawar nan kada ku raina ta. Mun san wasu na cewa tana ɓata ɗanɗano, kuma itace ya yi wuya. Amma raunanan iri ba ya iya kokawa da ƙwayoyin da ke cikin ɗanyar madara. Ban da haka, tarin huka da cutar da ke sa shanu ɓari duk suna kama mutum ta ɗanyar madara, kuma tsami kaɗai ba abin dogaro ba ne wajen kashe su.

Sau da yawa kuma laifin ba na iri ba ne, na allura ne. Saniyar da aka yi wa allura irin su Terramycine, maganin na fita cikin madararta ya kashe iri komi ƙarfinsa. Ku tambayi malamin bisashe kwana nawa za ku jira, ku ware madararta har su cika. Haka dakashi, da madarar saniya mai ciwon hantsa: kada su shiga ƙwaryar kindirmo.

Ƙwaryar da iri ya ruɓe a ciki, ku kankare ta, ku ɗauraye da tafasasshen ruwa, ku shanya a rana. In ta tsage, ku sake wata, don dauɗa cikin tsaga take ɓoyewa.

In bazara ta zagayo, ku riƙe iri cikin ɗan ƙoƙo a wuri mai sanyi, gindin randa misali. Kowane kwana 2 ku sabunta shi da rabin kofi na madarar akuya tafasassa, ko madarar gari da aka dama da tafasasshen ruwa.