Sunan Shafi Kafin Masauki: Ga Mai Son Mallakar Wurinsa a Intanet

Marubuta da 'yan kasuwa da yawa, daga Kano har Damagaram, duk abin da suka tara a intanet yana hannun wani kamfani ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida, kowa ya yi zugum. A shekarar nan ce kuma gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, daga watan Yuni har Janairun 2022. Google+ kuwa rufe shi aka yi ɗungurungum a 2019. Wanda yake son rubutunsa ko hajarsa su zauna inda shi ke da ta cewa, abu biyu zai nema: suna da masauki. Mutane sun fi damuwa da masaukin, alhali sunan ya fi shi daraja nesa ba kusa ba.

Sunan shi ne abin da ake rubutawa a kai ga shafinka, misali sunanka.com ko sunanka.com.ng. Masauki kuma fili ne a cikin wata kwamfuta da ba ta mutuwa dare da rana, wadda ake kira saba, inda rubutu da hotuna suke ajiye. Sunan kamar lambar wayarka yake, masaukin kuma kamar ita kanta wayar: kana iya canza waya sau goma, muddin lambar tana nan jama'a za su same ka. In lambar ce ta kuɓuce, tsadar wayar ba ta da amfani.

Saboda haka ka fara da zaɓen suna, kuma kada ka yi gaggawa. Haruffan da ake karɓa ba tare da matsala ba su ne a zuwa z, da lambobi, da karan ɗori, kuma kada su wuce 63. Ka ga ke nan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba sa ciki. Akwai dabarar da ake cusa irin waɗannan haruffa a cikin suna, amma ba ko'ina ake karɓar ta ba, kuma mafi yawan masu nemanka ba su da su a madannin wayarsu. Ka zaɓi kalmomin da ba su da ƙugiya, ko waɗanda ma'anarsu ba ta lalacewa in an cire ta. Sannan ka gwada: kira wani a waya, faɗa masa sunan sau ɗaya, ka ce ya rubuto maka. In sai ka bi shi harafi-harafi, sake wani. Karan ɗori da lambobi ma a nan suke kayar da mutum, don ba a jin su a magana.

Sai wutsiyar sunan. Kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da .com, farashinsa da dala yake tafiya, don haka duk lokacin da naira ta faɗi, kuɗin sabuntawa yana hawa ko da a wurin kamfanin gida ka saya. Waɗanda suke da .com sun ji a jikinsu bayan faɗuwar naira ta 2023. Ita kuwa .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da ita, an kafa ta a 2005, kuma tana da jerin kamfanonin da ta amince su sayar da suna. A naira ake biya, .com.ng kuma ya fi .ng zalla sauƙi. Nijar tana da .ne, Gana .gh, Kamaru .cm, Chadi .td. A ganina, wanda masu karatunsa ko abokan cinikinsa suke Najeriya, .com.ng ya ishe shi. In aljihu ya yarda, ya haɗa da .com ɗin don kada wani ya riga shi, ya sa ɗaya ya riƙa tura mutane ga ɗayan.

Ga inda aka fi cutar mutane. Sai mutum ya ba wani yaro da ya iya kwamfuta kuɗi ya ce, “Buɗe min shafi.” Yaron sai ya yi rajistar sunan a cikin asusunsa, da imel ɗinsa, da lambarsa. Ba lallai da mugun nufi ba. Haka ya fi masa sauri. Bayan shekara biyu ya tafi bautar ƙasa, ko ya canza layi, ko kun saɓa, sai ka tarar a wurin kamfanin shi ne mai sunan, kai ba kowa ba ne. Rasit ɗin kuɗin da ka tura masa ba lallai ya fisshe ka ba. Kai da kanka za ka buɗe asusun, da sunanka na gaskiya, da imel ɗin da kake dubawa kullum, ka kunna tsaro mai mataki biyu. In kana bukatar taimakonsa, ya zauna kusa da kai ya nuna maka, ko ka ba shi damar shiga masauki kaɗai. Wani abu kuma da ake mantawa: kada imel ɗin rajistar ya zama na wannan sunan da ka saya. Ranar da sunan ya mutu, imel ɗin ma ya mutu, saƙon gargaɗin ba zai iso ka ba.

Suna haya ne, shekara-shekara ake sabunta shi, ana kuma iya biyan .com har na shekara goma. In wa'adinsa ya cika ba ka biya ba, yawanci akan ɗaga maka ƙafa na 'yan makonni. Daga nan .com yana shiga kwana 30 na fansa, inda kuɗin dawo da shi yake ninka na sabuntawa sau da yawa, sai kwana 5 na jira, sai a sake shi kasuwa. Akwai masu sana'ar dakon irin waɗannan sunaye, su cafke, su sa musu farashi ko su cika su da tallar caca. Kada ka dogara da cirar kuɗi ta kai tsaye kaɗai, katin banki yana ƙarewa. Rubuta ranar a kalanda.

Masauki bai kai haka wahala ba. Mai farawa ya ɗauki na haɗaka, wato saba ɗaya da shafuka da yawa suke rabawa. Ya fi araha, kuma kamfanin ne ke kula da injin. Akwai wanda ake kira VPS, inda ake yanka maka kasonka kai kaɗai, amma tsaro da gyara duk a wuyanka suke, sai wanda ya iya Linux. Kafin ka biya, duba farashin sabuntawa, ba na shekarar farko ba, don da shi ake jan mutane. Ka kuma aika musu tambaya da dare ka ga ko za su amsa. Wasu sukan tambaya ko za su iya ajiye sabar a ɗakinsu da tsohuwar kwamfuta ko 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Ana yi, kuma hanya ce mai kyau ta koyo. Sai dai wutar lantarkinmu kowa ya san halinta, layukan data na waya kuma galibi mutane da yawa suke haɗawa a lambar IP ɗaya, wato adireshin da ake gane na'ura da shi a intanet, ta yadda na waje ba zai iya ƙwanƙwasa maka ƙofa kai tsaye ba.

Na fi son a sayi suna a wani kamfani, masauki a wani. In mai masaukin ya ɓata maka, ka kwashe ka bar shi ba tare da roƙo ba. Haɗa su ba wuya: mai masauki zai ba ka adireshin sabobin suna guda biyu, ka kwafa ka liƙa a asusun da ka sayi sunan. Ko kuma ka shiga sashen DNS ka sa lambar IP ta sabar a layin da ake kira A. Layin MX na imel ne, kada ka taɓa shi in ba ka san abin da kake yi ba. Wani lokaci cikin mintuna abin yake kamawa, wani lokaci ya kai kwana biyu. Ka yi haƙuri, kada ka yi ta sauye-sauye.

Manhajar da za ta riƙe rubutun, WordPress ce ta fi yawa. Ta fito a 2003, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Kyauta ce. Ka lura dai: WordPress.com kamfanin haya ne, wadda kake so ita ce ta WordPress.org, kuma yawancin masu masauki suna da maɓallin girka ta a cikin cPanel, wato allon sarrafa masaukin. Kada sunan shigarka ya zama admin, shi ɓarayi suke fara gwadawa. Ka kunna https da takardar tsaro ta Let's Encrypt, ita ma kyauta ce kuma tana sabunta kanta. Tun 2018 Chrome yake yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro. Duk wanda ya ce sai ka biya kuɗi mai yawa kafin ƙaramin shafinka ya samu wannan takardar tsaro, ka tambaye shi dalili.

Kafin ka zaɓi fasalin shafin, rubuta jimla mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu, ka buɗe a ƙaramar wayar Android. In sun fito kamar akwati ko sun bambanta da sauran haruffa, canza salon rubutun. Noto Sans da Andika duk suna da su. Hotuna kuma ka rage musu nauyi kafin ka ɗora, mai karatu da kuɗinsa yake sayen data. Ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress, ka tsaya a kan kaɗan da kake bukata, ka riƙa sabunta su, ka guji na sata da ake rabawa kyauta, don ta nan aka fi shigo wa mutane.

Kwafin ajiya kuma kada ya zauna a sabar da shafin yake. Manhaja irin UpdraftPlus tana iya tura shi Google Drive duk mako, fayiloli da rumbun bayanai gaba ɗaya. Sau ɗaya, tun shafin bai cika ba, ka gwada dawo da shi daga kwafin ka tabbatar yana buɗewa. In kuma wata rana kamfanin sunan ne kake son bari, lambar sirri ta ƙaura za ka nema a wurinsu ka kai wa sabon; ga .com kuwa, sai sunan ya yi kwana 60 da rajista ake barin ya tashi.