Tiyatar Rage Tumbi: Shiri Kafin Aiki da Jinya Bayansa

Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, ƙiba alama ce ta hutu da wadata, har akan ce wanda ya yi jiki ya sami daula. Sai dai ilmin kiwon lafiya ya tabbatar da cewa idan kitse ya wuce kima yakan zama cuta mai zaman kanta, wadda ke jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya da ciwon gwiwa da ɗaukewar numfashi cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane 8 a duniya yana fama da matsananciyar ƙiba. Matakin farko na magance ta shi ne gyaran cima da motsa jiki, sannan shan magani. Akwai kuma waɗanda duk wannan ba ya yi musu, sai an kai ga wuƙar likita. Wannan darasi zai duba tiyatar rage tumbi, wadda ita ce aka fi yi a duniya domin rage ƙiba.

Tumbi da aikinsa

Tumbi jaka ce ta tsoka da ke ɓangaren hagu na saman ciki, tsakanin maƙoshi da ƙaramin hanji. Tumbin baligi yakan ɗauki lita 1 zuwa lita 1.5 na abinci. Yana adana abinci, yana dama shi da ruwa mai tsami, sannan ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan zuwa hanji ta wata ƙofa ta tsoka da ke ƙasansa.

Bayan wannan, tumbi yana aika saƙo ga ƙwaƙwalwa. A shekarar 1999 wasu masana na ƙasar Japan, Masayasu Kojima da Kenji Kangawa da abokan aikinsu, suka gano wani sinadari mai suna girelin, wanda mafi yawansa daga ƙoƙon saman tumbi yake fitowa. Idan tumbi ya zama wayam, girelin yakan ƙaru a cikin jini, mutum ya ji yunwa.

Yadda ake yin aikin

A wannan tiyata ana yanke kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a tsaye, a fitar da shi gaba ɗaya. Abin da ya rage siririn bututu ne mai kama da ayaba, wanda da farko ba ya ɗaukar fiye da mililita 100 zuwa 150, wato bai kai cikin ƙaramin kofin shayi ba. Saboda siffarsa ne likitoci suka raɗa wa aikin sunan hannun riga. Ba a taɓa hanji, ba a kuma taɓa ƙofar ƙasan tumbi. Amfanin aikin biyu ne: mazubin abinci ya ragu, kuma ɓangaren da ke samar da girelin ya tafi, don haka yunwa ta ragu.

Likita Douglas Hess na jihar Ohayo a Amurka ya yi irin wannan yanka a 1988, a matsayin ɓangare na wata babbar tiyata da ta haɗa da sauya hanyar hanji. A 1999 Michel Gagner ya yi wannan babbar tiyata a birnin Niyok ta ƙananan huji, ba tare da tsaga ciki ba. Daga baya aka lura cewa rage tumbin kaɗai yana wadatar da marasa lafiya da dama, sai ya zama aiki mai cin gashin kansa.

Bayan an sa majiyyaci barci, likita yakan yi huji huɗu ko biyar a ciki, ya hura iskar kabon domin ya sami sarari, ya zura siririn bututu mai kyamara. Wata na'ura ce ke yanka tumbin tana ɗinke shi a lokaci guda da ƙananan maƙalai na ƙarfen titaniyam, masu kama da na haɗe takardu a ofis. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Abin lura shi ne, tumbin da aka cire ba ya dawowa har abada.

Wa ya cancanta?

Likitoci suna amfani da awon nauyi bisa tsawo. Ana raba nauyin mutum a kilogiram da tsawonsa a mita sau kansa. Alal misali, mai nauyin kilogiram 120 da tsawon mita 1.7, za a raba 120 da 2.89, a sami 41.5. Awo 25 zuwa sama nauyi ne da ya wuce kima, 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce. Ƙa'idar da aka shimfiɗa a Amurka a 1991 ta ce sai awo ya kai 40, ko 35 tare da wata cuta kamar ciwon sukari. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta ta zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon sukari da makamantansa.

Shiri kafin tiyata

Shiri yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Ana gwada jini da zuciya, a duba ko majiyyaci yana ɗauke numfashi cikin barci, sau da yawa kuma a leƙa tumbi da kyamara ta baki domin neman gyambo ko ƙwannafi mai tsanani. Yakan gana da masanin cima da likitan halayya, domin wanda bai shirya sauya yadda yake cin abinci ba, tiyata ba za ta ɗore masa da amfani ba. Mai shan taba dole ya daina aƙalla makonni 6 kafin aiki, saboda taba tana taƙaita jinin da ke isa ga rauni, ta hana shi warkewa. Magungunan tsinka jini da na sukari kuma likita ne zai tsara yadda za a yi da su.

Kimanin makonni 2 kafin ranar aiki ana ɗora majiyyaci kan cima mai ƙarancin sukari da sitaci da mai. Dalili kuwa shi ne ɓarin hanta na hagu yana kwance a kan tumbi, kuma hantar mai ƙiba takan kumbura da kitse da sukarin da ta adana, wanda kowane giram nasa yana riƙe da kimanin giram 3 na ruwa. Idan aka rage sitaci, hanta takan ƙona ajiyarta ta saki ruwan, ta motse, likita ya iya ɗaga ta ya ga tumbi sosai.

Jinya bayan tiyata

Majiyyaci yakan kwana ɗaya zuwa uku a asibiti. Tun ranar aiki ake tayar da shi ya taka, domin kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, gudan jinin kuma yana iya tafiya huhu ya toshe shi.

Ɗinkin tumbi yana bukatar makonni kafin ya haɗe, shi ya sa ake komawa abinci mataki-mataki. A mako ɗaya ko biyu na farko ruwa-ruwa kawai ake sha, kamar romo tatacce da madara da nono marar sukari. Daga nan zuwa mako na huɗu sai abin da aka dama ya yi laushi kamar kunu. Sannan abinci mai taushi kamar dafaffen ƙwai da kifi da alala. Tuwo da shinkafa da burodi da tsire sai bayan mako 6 zuwa 8, su ma loma kaɗan, a tauna sosai. Sannu ba ta hana zuwa.

Ana so a sami giram 60 zuwa 80 na furotin a kullum, domin kada jiki ya cinye tsokarsa. Ana kurɓar ruwa lita 1.5 zuwa 2 a yini, amma ba tare da abinci ba. A bar tazarar minti 30. Lemon kwalba mai gas da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen abin gudu ne. Saboda ƙarancin ruwan da tumbi ke ɗauka, likitoci kan ba da shawarar a jinkirta azumi a watannin farko. Mace kuma ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18.

Bangon tumbi ne ke samar da sinadarin da ke taimaka wa hanji ya tsotsi bitamin B12. Tunda bangon ya ragu, majiyyaci yana bukatar ƙarin wannan bitamin, da sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin D, tare da gwajin jini a kai a kai har iyakar rayuwarsa. Sakaci da wannan yana kawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi.

Haɗari da sakamako

Haɗari mafi girma shi ne ɗinki ya yi yoyo, wanda ke samun kimanin mutum ɗaya cikin 100. Alamunsa su ne bugun zuciya da ya haura 120 a minti, da zazzaɓi, da ciwon ciki ko na kafaɗar hagu, da sarƙewar numfashi. Wanda ya ga haka ya garzaya asibiti nan take. Daga baya ana iya samun ƙwannafi, da tsakuwa a matsarmama, da zubewar gashi na ɗan lokaci. Wanda ya je wata ƙasa aka yi masa aikin, wajibi ne tun kafin ya tafi ya tanadi likitan da zai ci gaba da duba shi a gida.

Cikin shekara ɗaya zuwa biyu yawancin majiyyata sukan rage kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsu, ciwon sukari da hawan jini su yi sauƙi ƙwarai ga da yawa daga cikinsu. Amma bututun yana iya buɗewa da tafiyar shekaru, kuma kayan zaƙi masu ruwa suna wucewa ta cikinsa ba tare da sun ƙosar ba. Wanda ya koma wa tsohuwar cimarsa, ƙibar takan dawo masa.

Tambayoyin bita

1. Lissafa awon nauyi bisa tsawo na mace mai kilogiram 95 da tsawon mita 1.6. Ta cancanci tiyata bisa ƙa'idar 2022?
2. Wace rawa girelin ke takawa wajen jin yunwa?
3. Me ya sa ake motsar da hanta kafin aiki?
4. Bayyana dangantakar bangon tumbi da ƙarancin jini.