Katifar jirgin ruwa ba ta ɗaki ba ce

Jama'a masu saurare, wasiƙarmu ta gaba daga Fot Sudan ta fito, can bakin Bahar Maliya. Wani bawan Allah mai ɗinkin katifa ne ya ce an ba shi aikin sabunta katifun wani ƙaramin jirgin ruwa, irin mai tafiya da ƙarfin iska, yana tambaya ko ya auna tsofaffin ya yanka soso daidai da su.

To Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka, amma kada ka yi haka. Tsohuwar katifa ta riga ta lotsa, awonta ba abin dogaro ba ne. Ka shiga jirgin da kanka, ka shimfiɗa kwali a makwancin, ka yanke shi daidai da wurin. Makwancin da ke goshin jirgi tsukakke ne ta gaba, mai faɗi ta baya, kuma bangon jirgi a karkace yake, yana buɗewa ta sama. Saboda haka saman katifar zai fi ƙasanta faɗi, sai ka yi wa gefen soson yankan jirge. Ka bar rarar kamar santimita 1, don ta zauna daram.

Ka auna ƙofar shiga ma. Ƙarama ce, kuma akwai ma'aji a ƙarƙashin makwanci da ake buɗewa kullum, don haka gara ka raba katifar gida biyu ko uku. Kauri kuwa, santimita 10 zuwa 12 ya wadatar idan soson mai nauyi ne, tunda rufin a kusa yake da kai.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne danshi. Jikin mutum da ɗumi, katakon ƙasa da sanyi, sai raɓa ta taru a tsakani, kafin ka ankara fumfuna ta kama, ɗakin ya yi ta wari. Mutum kuma a nan zai kwana yana shaƙa. Ka sa raga mai kauri ko siraran katakai a ƙasa don iska ta ratsa. Kada ka sa katifa mai waya a ciki, iskar teku da gishiri take tafe, tsatsa za ta ci ta. Zif ɗin ya zama na roba, zaren kuma na foliyesta, domin na auduga ruɓewa yake. Rigar katifar ta zama mai cirewa a wanke.

Idan ka gama aikin, Malam, ka sake rubuto mana mu ji yadda ta zauna.