Darasi: Yadda Ake Tsare Fitilar Pil Da Ƙaron Rezin

Jama'ar Arewa, 'yan makarantar yaƙi da jahilci, ku saurara.

A garuruwanmu da yawa babu wutar NIJELEK. Daga Matankari zuwa Dankasari, daga Gecheme zuwa Tibiri, fitilar pil ce abokiyar dare. Da ita ɗalibi yake karatu, da ita mai tebur yake ciniki. Samari da dama sun iya haɗa ta da kansu: katako, waya, pil da 'yan ƙwayayen wuta da ake kira LED.

Amma fitilar tana da abokan gaba biyu, ruwa da ƙura. Daga watan Yuni zuwa Satumba ruwan damina yana shiga wurin da anka haɗa wayoyi, sai tsatsa ta ci su. Da hunturu kuma ƙura ta cika wurin. Fitila ta mutu, kuɗi sun tafi. Akwai maganin wannan. Sunansa rezin.

Mene ne rezin?

Kun san ƙaro da ke fita daga jikin dakwara. Rezin ya yi kama da shi, amma a masana'anta ake yin sa. Ƙaron itace yana narkewa cikin ruwa, shi ya sa bai dace da wanga aiki ba. Rezin kuwa, in ya daskare, ruwa ba ya narkar da shi. Yana da tauri, kuma ana ganin abin da ke cikinsa kamar gilashi.

Masana a Jamus da Suwis sunka gano shi wajen shekarun 1930. A 1946 anka fara sayar da shi da sunan Araldite. Yau ana samun irinsa wurin masu sayar da kayan gyaran babur. Yana zuwa cikin 'yan bututu biyu. Ɗaya rezin, ɗaya maganin daskarewa. Sai an gauraya su sannan yake tauri.

Ku dubi ƙwayar LED da kyau. Kanta mai sheƙi da irin wanga rezin anka yi shi. Wani masani ɗan Japan, Shuji Nakamura, shi ya ƙera LED mai shuɗin haske mai ƙarfi a 1993. Daga nan anka samu fara. Shi da wasu masana biyu sunka samu kyautar Nobel a 2014.

Kayan aiki

Ƙwayar LED fara. Waya biyu masu tsawon taki guda. Rezin mai haske, ba baƙi ba. Marfin gorar ruwa na roba. Tsinke. Guntun kwali. Ɗan man shafawa. Leda ta sa wa hannu.

Yadda ake yi

1. LED tana da ƙafa biyu. Doguwa ta wajen alamar (+) ce, gajera ta wajen alamar (–). Ku ɗaura waya ga kowace ƙafa, ku murɗe da kyau. Kada ƙafafun su taɓa juna.

2. Ku gwada. Pil guda volt 1,5 ne. Farar LED tana son wajen volt 3, wato pil biyu a jere. In kunka sa pil uku, wuta ta yi yawa, ƙwayar tana iya ƙonewa. In ba ta kama ba, ku juya wayoyin. Kada ku zuba rezin sai kun ga haske.

3. Ku shafa ɗan mai cikin marfin, don rezin ya fita da sauƙi.

4. Ku matso rezin da maganinsa bisa kwali, daidai wa daida, sai in takardar da ke jiki ta faɗi wani awo daban. Ku gauraya da tsinke a hankali har su zama abu guda. Garaje yana kawo kumfa.

5. Ku aza LED cikin marfin, kanta ƙasa, wayoyi waje. Ku zuba rezin har ya rufe wurin ɗaurin.

6. Ku ajiye cikin inuwa, ku kifa ƙwarya bisa don ƙura. Wani rezin yana kamawa cikin minti 5, wani sai awoyi. Ko wanne ne, ku ba shi kwana guda cur. Da bazara yana saurin kamawa, don haka ku yi aikin da sanyin safiya.

Hattara!

Kada ku rufe pil cikin rezin. Pil yana ƙarewa, dole a sake shi. Batirin salula ya fi haɗari: in ya yi zafi yana kumbura, yana iya kama wuta. Gidan kara da rumbun hatsi ba su wasa da wuta.

Kada ku zuba da kauri. Rezin yana zafi sa'ad da yake daskarewa. In ya yi yawa, zafin yana ɓata kaya.

Abin da anka rufe ya rufu ke nan, ba ya gyaruwa. Don haka kada ku rufe rediyo, ko salula, ko maɓallin kunnawa.

Ku yi aikin a waje, inda iska ke kaɗawa. Ɗanyen rezin yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje. In ya taɓa fata, ku wanke da sabulu da ruwa, ba da esansi ba. In ya shiga ido, ku wanke da ruwa mai yawa, ku tafi likita nan da nan. Ku nisanta shi daga yara da kwanonin abinci.

Rana tana sa rezin ya koma rawaya a hankali, haske ya ragu. Da rana ku ajiye fitila cikin ɗaki.

Wanda ya iya wanga aiki ya samu sana'ar rani. Ku fara da ƙwaya guda. In hannu ya faɗa, ku ƙara.

Tambayoyi

1. Don me ƙaron dakwara bai dace da wanga aiki ba?
2. Pil nawa farar LED take so?
3. Don me ba a rufe pil cikin rezin?

Ku rubuta amsa cikin littafinku, ku nuna wa malaminku.