Mas'alar Mazubin Harsashi: Lamba Ɗaya, Awo Dabam-dabam

Wani mai karatu da ke zaune a Amurka, inda doka ta yarje wa maharba da masu wasan harbi su narka darma su zuba kan harsashinsu da kansu, ya aiko da tambaya a kan abin da ya ɗaure masa kai. Ya sayi mazubi biyu na kamfanin Lyman, tsoho daga hannun ɗan gwanjo, sabo kuwa daga kanti, dukansu an buga musu lamba 429421, amma da ya yi zubi da darma ɗaya a zama ɗaya, sai ya tarar harsasan sun saɓa wa juna a kauri da nauyi, har da siffar tsagar da ake cusa maiko a cikinta. Yana so ya san ko ɗayan jabu ne, da kuma wanda ya kamata ya riƙe.

Malam, kwantar da hankalinka, gama galibin zato shi ne babu jabu a cikinsu, kuma wannan saɓani da ka gani ya girme ka, ya girme ni. Asalin waɗannan mazubai kamfanin Ideal ne, wanda John Barlow ya kafa a birnin New Haven na jihar Konetikat a 1884, ya koma hannun kamfanin Marlin a 1910, kana Lyman ta saye shi a 1925 ta ci gaba da amfani da tsarin lambobinsa. Bisa wannan tsari, alƙaluma uku na farko suna nuna kaurin da aka nufa, watau 429 cikin dubu na inci, sauran kuwa suna nuna zanen harsashin. Ashe ke nan lambar tana ba da labarin niyyar masana'anta ne, alhali abin da zai fito daga cikin ƙarfen ya rataya a kan wuƙar da aka ƙwaƙule ramin da ita ranar da aka ƙera shi.

A nan ne babban sababin yake. A tsohuwar hanya, akan ƙera wata wuƙa ta ƙarfe mai tauri wadda siffarta siffar harsashin ce sak, a sa ta tana juyawa a inji, sa'an nan a matso da ɓangarori biyu na mazubin a hankali su rufe a kanta har ta cinye ramin. Wannan wuƙa kuwa, kamar ta mahauci, kowane wāshi yana rage mata jiki, saboda haka mazubin da aka yanka tana sabuwa yakan fito da faɗi, wanda aka yanka bayan ta sha wāshi ya fito a tsuke. Idan ta ƙare ɗungum aka ƙera wata, to, maƙerin da ya yi ta biyu ba lalle ne ya kwaikwayi ta fari babu ƙari babu ragi ba, balle a ce shekaru talatin ko arba'in sun shiga tsakaninsu. Bambancin bai cika wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na inci ba, abin da ido ba ya gani, amma harsashin da ya gaza cika bututun bindiga yakan bar zafin albarushi ya kurɗa ta gefensa, ya narka fatarsa, ya shafe cikin bututun da darma, daga nan kuma saiti ya lalace.

Akwai kuma canjin da aka yi da gangan, kuma lambar da ke hannunka ita ce mashahurin misalinsa. Elmer Keith, makiyayi kuma marubucin harkar bindiga, shi ya zana wannan harsashi wajen 1928, ya ƙayyade masa ɗamara uku masu faɗi ɗaya, da tsagar maiko mai kusurwa a miƙe domin ta ɗauki maiko da yawa. Daga bisani masana'anta ta mayar da tsagar mai lanƙwasa, domin harsashin ya riƙa faɗowa daga mazubi ba da wahala ba, ta kuma rage ɗamarar gaba, ba tare da ta canza lambar ba. Keith bai ɓoye ɓacin ransa ba, har ya kai zanensa wurin kamfanin Hensley da Gibbs suka yanka masa shi yadda yake so da lamba 503. Wani lokaci ma akasin haka ke faruwa, zane yana nan amma lamba ta sauya, kamar yadda 308291 ta zamanin Ideal ta koma 311291. Ni dai a ganina, canza siffa a bar lamba yadda take kuskure ne da bai kamata masana'anta ta yi ba, domin mai saye da lambar yake yin ƙiyasi.

Kafin a ɗora wa mazubi laifi duka, wajibi ne a binciki abin da aka zuba a cikinsa. Darma tsantsa, wadda ke narkewa a digiri 327, takan tsuke sosai idan ta huce, ta ba da harsashi mai nauyi amma siriri. Idan an gauraya ta da kuza da antimoni, kamar haɗin da Lyman ke kira na 2, mai darma kashi 90, kuza 5, antimoni 5, sai harsashin ya ƙara kauri ya rage nauyi. Darmar da ake maƙalawa a ƙafar mota, wadda masu zubi suka daɗe suna dogara da ita, yanzu ta cakuɗe da ta tutiya tun da Tarayyar Turai ta hana ta darma a 2005, wasu jihohin Amurka suka bi sahu, tutiya kuwa kaɗan ta isa ta ɓata tukunya guda.

To, abin yi. Ka wanke mazuban biyu sarai, ka rufe kowanne ka ɗaga shi ga haske, domin ɗigon darma ɗaya a fuskarsa, ko fil ɗin da ke daidaita ɓangarorin idan ya ci, ya isa ya sa harsashi ya fito ba a kewaye ba. Sa'an nan ka yi zubi da haɗi ɗaya, ka zubar da na farko-farko har ƙarfen ya ɗauki zafi, ka ware abin da kowane rami ya fitar, gama ramuka biyu a mazubi guda ma sukan saɓa. Bayan sun huce ka auna su da maikuromita, sau ɗaya kusa da layin haɗuwar ɓangarorin, sau ɗaya a gicciye, ka ɗora su a sikeli, ka rubuta sakamakon da sunan haɗin a takarda ka ajiye tare da mazubin. Wanda harsashinsa ya ɗara awon bindigarka kaɗan, shi ne abin riƙewa, domin ana iya matse mai kauri a rage shi. Wanda ya gaza kuwa, in sabo ne ka mayar wa masana'anta da samfurin abin da ya zuba, kada ka kai masa magagari.

Abin da zan fi jaddada maka shi ne kada ka gauraya harsasan mazuban nan biyu a akwati ɗaya. Idan nauyi ya bambanta, ko tsagar da bakin kwanson albarushi ke kamawa ta matsa sama ko ƙasa, sararin da ya rage wa albarushi ya canza, matsin da ke cikin bindiga ma ya canza. Ka ɗauki kowannensu a matsayin sabon harsashi, ka fara daga mafi ƙarancin awon da littafin masana'anta ya bayar.

Ka yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, ka nisanta ruwa da tukunya, ka wanke hannu kafin cin abinci, kuma kada yaro ya kusanci wurin, domin gubar darma ita ce ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Masu karatu na gida kuwa su sani cewa dokar makamai ta Nijeriya ta haramta ƙera bindiga ko harsashi ba da izinin hukuma ba.