Darasi A Kan Ƙurajen Fuska Da Mayukan Shafawa Ga Mata Masu Juna Biyu

Domin Hakimai da Magatakardansu, musamman na Fagge da Sabon Gari da kewayen Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano

Ƙurajen fuska ba ciwo ne mai kisa ba, kuma ba su taɓa abin da ke cikin mace ko kaɗan. Hatsarin yana ga magungunan da akan nema domin kawar da su, gama akwai waɗansu daga cikinsu da ke jawo ɓari, ko su nakasa jariri tun bai zo duniya ba. Saboda haka aka shirya wannan darasi, domin Hakimi ya san abin da zai gargaɗi Dagatai da Masu Unguwa a kansa, Magatakarda kuma ya san abin da zai rubuta.

1. Dalilin da ya sa aka ambaci wannan yanki

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a shekarar 1911, zamanin Sarki Abbas. A 1913 aka kafa Sabon Gari domin baƙin da jirgi ya kawo, Fagge kuwa tun kafin wannan masaukin fatake ce. Tun daga lokacin nan, kayan da suka fito daga bakin teku a wannan yanki suke fara sauka, kana su watsu zuwa ƙauyuka. A yau yawancin kaya manyan motoci ke ɗauko su, amma kantuna da rumfunan da suka taso a kewayen tashar suna nan, kuma nan ƙananan 'yan kasuwa ke zuwa sarin sabulai da mayukan shafawa. Yawancin masu wannan sana'a mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, sai dai ba kowannensu ya san abin da ke cikin kwalbar da yake sayarwa ba. Man da aka sara a Fagge da safe, kafin magariba ya shiga ɗakin wata mai ciki a Bichi ko Wudil. In an gyara a nan, an gyara wa gundumomi da yawa.

2. Yadda ƙurajen ke fitowa

A fatar mutum akwai 'yan ƙofofi ƙanana inda gashi ke tsirowa, a ƙarƙashin kowace kuma akwai wani ɗan tulu mai fitar da maiƙo domin fata ta yi laushi. Idan mace ta sami ciki, sinadaran jikinta da likitoci ke kira homon sukan ƙaru, su sa maiƙon ya yi yawa. Maiƙo ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofa, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, sai wurin ya kumbura ya tara mugunya. Ƙurji ke nan.

Abin yakan zo a kowane wata na ciki. Ya fi samun wadda dā ma takan yi ƙuraje gab da al'adarta, wata kuwa sai ta ga fuskarta ta ƙara kyau da cikin. Ba rashin tsabta ke kawo su ba, ba a ɗaukarsu daga wani, ba sammu ba ne, kuma ba su nuna ko namiji za a haifa ko mace. Galibi sukan lafa bayan haihuwa.

Har wa yau akwai wani duhu da kan fito wa mai ciki a kumatu da goshi da saman leɓe. Shi ma aikin sinadaran nan ne, rana kuma tana ƙara shi. Sau da yawa yakan dushe da kansa cikin watannin da ke bin haihuwa. Wannan duhu, da baƙin tabon da ƙurji ke bari, su ne ke tura mata wurin masu man canza launin fata.

3. Abin da za a yi a gida

A wanke fuska sau biyu a yini, safe da dare, da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙarfi. A wanke da tafin hannu, kada a dirje da soso, gama dirza tana ƙara kumburi. A goge da tsumma mai tsabta wanda ba a tarayya da kowa a kansa.

Kada a matse ƙurji, kada a tsire shi da allura ko tsinke, kada kuma a kai wa wanzami ya tsaga. Ƙurjin da aka bari yakan warke cikin kwanaki, wanda aka matse kuwa yakan bar tabon da zai yi watanni.

A lokacin bazara, sa'ad da zafin Kano kan kai awo 40, a riƙa ɗauraye gumi, a wanke ɗankwali da mayafi da rigar matashi akai-akai. A lokacin hunturu fata takan bushe, to, a shafa mai kaɗan. Man kitso da man shanu da duk mai kauri a nisanta su daga goshi, domin suna toshe ƙofofin fata. Mai duhun kumatu ta guji tsakar rana, in fita ta zama dole ta riƙe lema. Hoda da sauran kwalliya a wanke su kafin a kwanta.

Kada a hana mai ciki ƙwai ko nama ko wake ko gyaɗa da sunan maganin ƙuraje. Jikinta yana ciyar da mutum biyu, ƙarancin jini kuwa ya fi ƙurji hatsari nesa ba kusa ba.

4. Magungunan da aka hana mai ciki

Abin da uwa ta haɗiya yakan shiga jininta, ya bi ta mabiyiya ya isa ga ɗan tayi. Abin da ta shafa ma, wani sashensa yana ratsa fata ya shiga jini. A watanni uku na farko ake halittar zuciya da ƙwaƙwalwa da gaɓoɓin yaro, lokacin ne kuma mace, musamman mai cikin fari, ke jin nauyin faɗa wa kowa halin da take ciki. Duniya ta koyi wannan darasi da tsada. Tsakanin 1957 da 1961 an sayar da wani magani mai suna talidomaid a Jamus da Ingila da waɗansu ƙasashe, mata suna sha domin laulayi, aka haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasassun hannuwa da ƙafafu kafin a janye shi.

Ga waɗanda ya wajaba a sani:

(a) Aisotiretinoyin. Ƙwaya ce ta ƙuraje masu tsanani, an fara sayar da ita a Amurka a 1982, ana kuma samunta da sunan Roaccutane. Tana jawo ɓari, tana lalata zuciya da ƙwaƙwalwa da kunnuwan jariri. Mai ciki ba ta shanta ko sau ɗaya. Wadda ke sha kuma sai ta daina da wata guda cur kafin ta nemi ciki. Danginta na shafawa, irin su Retin-A da Differin, su ma a ajiye su har a haihu.

(b) Tetarasakilin da doksisakilin. Na farkon shi ne kafson nan mai ja da rawaya da aka saba saye a tebur. In an sha bayan wata na huɗu yakan shiga haƙoran yaro da ƙasusuwansa, haƙoran su fito da launin ƙasa-ƙasa wanda aswaki ba ya fitarwa.

(c) Mai ko sabulu mai zaiba. Zaiba guba ce mai lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma ratsa mabiyiya. A garin Minamata na ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956, an haifi yara da lalatacciyar ƙwaƙwalwa saboda zaibar da iyayensu mata suka ci a cikin kifi. Da sunan garin aka ƙulla yarjejeniyar duniya ta 2013 domin taƙaita amfani da ita, Nijeriya kuma tana ciki.

(d) Haidirokwinon. Shi ne jigon yawancin mayukan sa fari. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da aka shafa yana shiga jini, don haka likitoci suka ce mai ciki ta bar shi. Daɗewa ana shafa shi kuma yakan bar baƙin da ya fi na farko muni.

(e) Mayukan sitiroyid masu ƙarfi, irin su Dermovate. Magunguna ne na gaskiya da likita kan rubuta domin waɗansu cututtukan fata na ɗan lokaci, amma akan karkatar da su zuwa neman haske. Suna sa fata ta yi siriri, su kansu kuma suna haifar da ƙuraje. An lura cewa yawan shafa su a lokacin ciki yana tafiya tare da haihuwar jariri marar nauyi.

(f) Haɗin da ba shi da suna. Man da aka cuɗa a roba, ba takarda, ba lamba, ba wanda zai iya faɗin abin da ke ciki, ko da an ce na itatuwa ne zalla.

Garin neman gira akan rasa ido. Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, watau NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta hana sa zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya. A Kano ne kuma, cikin Fabrairu 2023, shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana shafe-shafen canza launin fata a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa baki ɗaya.

Kayan ado na gargajiya ma suna bukatar lura. Lallen ganye ba shi da laifi, amma baƙin lalle mai haɗin rini yakan ƙone fata. Kwallin dutse kuwa sau da yawa yana ɗauke da dalma, dalma kuma tana cutar da ƙwaƙwalwar yaro, a ciki ko a goye.

5. Magungunan da likita kan yarda da su

Ba a ce mai ciki ta zauna da ƙuraje ba magani ba. Akwai na shafawa waɗanda ba su shiga jini sai ɗan kaɗan, kamar asid na azelayik, wanda ke rage ƙurji da tabo gaba ɗaya, da benzoyil ferokzaid, da kilindamaisin ko iritiromaisin na shafawa. In abin ya yi tsanani likita yana da na sha da zai zaɓa. Sharaɗi biyu ne: ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa, kuma sai an yi haƙuri, gama maganin ƙuraje ba ya nuna aikinsa sai bayan mako 6 zuwa 8.

Wurin tambaya shi ne wurin awon ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko cikin makonni 12 na farkon ciki. Ta tafi da duk man da take shafawa a nuna. Wadda ta riga ta yi amfani da ɗaya daga cikin abubuwan da aka hana kafin ta san tana da ciki, ta daina nan take ta je ta faɗa, kada tsoron faɗa ya sa ta ɓoye.

6. Alamun da ba a kwana da su

Fuskar mai ciki takan nuna abin da ya fi ƙurji girma. A garzaya asibiti in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: kumburin fuska da hannuwa tare da ciwon kai ko gani dishi-dishi, gama yakan zama hawan jini mai kai wa ga jijjiga, ƙuraje a duk jiki tare da zazzaɓi, idanu sun yi rawaya, ƙaiƙayi mai tsanani a tafin hannu da na ƙafa, musamman da dare, cikin ido da leɓe sun yi fari fat, ko maruru a kusa da hanci ko ido wanda ke ƙara kumbura. Asibitin Murtala Muhammad, da Asibitin Muhammad Abdullahi Wase na Nasarawa, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna karɓar irin waɗannan.

7. Aikin Hakimi

Hakimi ya sa a karanta wannan darasi a zamansa da Dagatai da Masu Unguwa, su kuma su isar ga Limamai. Maganar maigida ita ce kan gaba, domin sau da yawa shi ne ke tsayawa a kemis ya sayo magani, shi ne kuma ke ba da iznin zuwa awo. A ja hankalinsa kada ya sayo wa matarsa kome ba tare da ya ce tana da ciki ba, kada kuma ya goranta mata a kan fuskarta, gama gori shi ke kai mace ga mai haɗa mai.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Saboda haka a bi ta hannun ungozomomi da malaman Islamiyya mata da masu gyaran amare, su kai maganar cikin gidaje. Uwar da 'yarta ta zo goyon ciki ta duba abin da ke cikin kwandon kwalliyarta.

Hakimi ya gana da shugabannin 'yan kasuwa, ya roƙe su kada su sari kayan da ba su da lambar NAFDAC, kuma mai kanti ya riƙa tambaya cikin ladabi ko maganin na mai juna biyu ne. Kama kaya da rufe kanti ba aikin Hakimi ba ne. Nasa shi ne gargaɗi, in ba a ji ba ya sanar da hukuma.

8. Aikin Magatakarda

Magatakarda ya rubuta ranar da aka karanta darasin da unguwannin da suka halarta. In an kawo ƙarar wani mai ko sabulu, ya rubuta sunan kayan, da inda aka saya, da ranar, da irin cutar da ya yi, ya adana kwalbar, kana ya aika wa Sashen Lafiya na Ƙaramar Hukuma da sa hannun Hakimi. Kada ya sa sunan matar a takardar da za ta bi hannuwa, gama sirrin mai ciki amana ne.

Tambayoyi domin bita

1. Me ke kawo ƙurajen fuska ga mai ciki, kuma suna cutar da jariri?
2. Don me watanni uku na farko suka fi hatsari?
3. A kawo magunguna huɗu da aka hana mai ciki, da illar kowanne.
4. Waɗanne alamu ne ke wajabta zuwa asibiti nan take?
5. In Mai Unguwa ya kawo kwalbar man da ya ƙone fuskar wata mata, me Magatakarda zai rubuta, me kuma zai bari?