Kada Mu Ce wa Tamar Ta Yi Shiru

Karatu: 2 Sama'ila 13:1-22, Maimaitawar Shari'a 22:25-27

Darasinmu na wannan mako yana da nauyi. Masu wa'azi da yawa sukan tsallake wannan sura, amma da yake Ruhu Mai Tsarki bai ɓoye ta ba, mu ma ba za mu ɓoye ba.

Tamar 'yar sarki Dawuda ce. Amnon, wanta na uba ɗaya, ya yi ƙaryar ciwo domin a aiko ta ta dafa masa abinci. Da ya kama ta, ta ƙi, ta roƙe shi, ta nuna masa muguntar abin. Ya fi ta ƙarfi, ya yi mata fyaɗe, ya sa bara ya kore ta ya kulle ƙofa. Ku lura da abin da ta yi bayan haka. Ta zuba toka a ka, ta yage rigarta, ta tafi tana kuka a fili. Tamar ba ta ɓoye ba, mazan gidanta ne suka ɓoye. Absalom ya ce mata ta yi shiru tun da abin na cikin gida ne. Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma ba mu karanta cewa ya hukunta kowa ba, alhali shi ne babban alƙalin ƙasar. Bayan shekara 2 Absalom ya kashe Amnon. Jini ya zuba, ita kuwa Tamar tana zaune a gidan wanta kamar wadda aka binne da rai.

Abin da ya sa na ɗauko wannan sura shi ne halin 'yan'uwanmu a Khartum da Omdurman, inda akwai ikilisiyoyi, akwai kuma Hausawa da yawa da kakanninsu suka yada zango a kan hanyar Makka. Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, an shiga gidaje an ci zarafin mata a gaban iyalansu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan haka a Yuli 2024, ta ɗora mafi yawan laifin a kan RSF. A Maris 2025 UNICEF ta ce an rubuta yara 221 da aka yi wa fyaɗe a Sudan tun farkon 2024, kusan ɗaya cikin uku maza ne. Waɗannan su ne kaɗai waɗanda maganarsu ta kai gaban ma'aikata.

Me ya sa sauran suke shiru? Kunya tana ciki, amma doka ma ta daɗe tana tsorata su. Dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991, sashe na 149, ta bayyana fyaɗe a matsayin zina da aka yi ba da yarda ba. Saboda haka macen da ta kai ƙara ta kasa tabbatar da cewa tilasta mata aka yi, tana iya komawa wadda ake tuhuma da zina. Matan Sudan da lauyoyi suka yi shekaru suna fama, sai a 2015 aka gyara sashen, aka raba fyaɗe da zina. Shari'ar Musa ta riga ta yi wannan rabuwa tun da daɗewa. A Maimaitawar Shari'a 22, yarinyar da aka fi ƙarfinta a jeji ba ta da laifi ko kaɗan, an kwatanta ta da mutumin da aka tasam masa aka kashe. Wa ya taɓa sa wanda aka kashe a ƙarƙashin horon ikilisiya? Amma mukan hana irin wannan yarinya cin jibin Ubangiji, ko mu aurar da ita da gaggawa domin a rufe magana. Wannan shawarar Absalom ce.

To, idan aka kawo maka Tamar, ya fasto, ko ke shugabar zumuntar mata, asibiti ne farko. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Kada a jira taron dattawa na ranar Lahadi. In zai yiwu kada ta yi wanka tukuna, a adana tufafin ba a wanke ba, gama shaida ne. A Sudan akwai takardar 'yan sanda da ake kira Fom 8, wadda likita yake cikawa, kotu kuma takan nemi ganinta. Dā sai da ita ake yi wa mutum magani, amma tun 2004 aka ba da umarni a yi magani ko ba a kawo ta ba. Yaƙi ya lalata asibitoci da kotuna da yawa a babban birnin, duk da haka Sashen Yaƙi da Cin Zarafin Mata na gwamnati, wanda Sulaima Ishaq ta jagoranta a farkon yaƙin, da ƙungiyar mata ta SIHA, sun yi ta rubuta ƙararraki suna haɗa mata da masu taimako. A rubuta rana da wuri da abin da ya faru, ko da kotu ba ta zama yau. Masu sauraronmu na Nijeriya kuma, akwai dokar VAPP ta 2015, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da take tsaya wa marasa ƙarfi.

Wani zai ce, ina gafara? Gafara umarnin Ubangiji ce, amma tsakanin zuciyarta da Allah ne, a lokacin da zai ba ta alheri. Ba ta hana hukuma aikinta, gama Romawa 13 ta nuna mana Allah ne ya kafa mai mulki domin ya hukunta mai mugunta. Kai ƙara kuwa shawararta ce. Kada a tilasta mata, kada kuma a hana ta. Wata dattijuwa mai riƙon asiri ta raka ta duk inda za ta.

Abin addu'a: matan Khartum da Omdurman da Bahri da aka ci zarafinsu, da yaran da aka haifa ta wannan hanya, da ungozomomi da lauyoyin da suke yi musu hidima. A cikin sunan Yesu, amin.